Ranar da Mai Ɗori Ya Hau Motar Kansila

Babana mai ɗori ne, kuma lokacin cin kasuwarsa shi ne shekarar zaɓe. Da zarar an fara manna hotunan 'yan takara a jikin katangu, sai ya aika wa kafinta ya yanko masa 'yan katakai, ni kuma in zauna ina yayyaga tsofaffin zannuwa ina naɗewa. Kafin a kaɗa ƙuri'a tabarmin ɗakinsa sun jiƙe da jini, mun wanke, sun sake jiƙewa.

Ni ce autarsa, ni ce kuma mai danne masa mutane. Tun da aurena ya mutu na dawo gida nake wannan aiki, don Allah ya ba ni ƙashi ya hana ni haƙuri. Ƙato ya shigo yana cika baki shi ɗan daba ne, sai in ɗora masa gwiwa a ƙirji, Baba ya ja ƙafar, ka ji yana kiran uwarsa da sunan yanka. Shi Baba ɗan ƙaramin mutum ne, iska mai ƙarfi ma sai ta nemi izininsa kafin ta bar shi a tsaye. Komai nasa yana hannu. Yatsunsa gajeru ne masu laushi, kuma yana tattalinsu fiye da yadda ya tattale mu. Ba ya faskare, ba ya ɗaukar kofi mai zafi, in za ku gaisa bakin yatsu kawai zai miƙa maka. In aka kwantar da mai karaya, rufe ido yake yi ya bi jikin da yatsa a hankali, sai ka ji ya ce, "Nan ne. Gida biyu, ɗaya ya hau ɗaya." Da waɗannan hannuwa muka ci, da su muka yi makaranta, kuma su ne katangar gidanmu.

Katanga na ce, ba da wasa ba. Mu 'yan tsallaken layin dogo ne. Kakanmu ya zo daga wata ƙasa aikin shimfiɗa layin, ya mutu a nan, Baba a nan aka haife shi, mu ma haka, amma har gobe in mun tsallaka cikin gari baƙi ake kiranmu. Ana duban hancinmu da hasken fatarmu a ce, "Ku yaushe za ku koma?" Ina yarinya, bayan wani zaɓe, aka tsallako da galan-galan na fetur aka bi layinmu gida-gida. Na ga tela maƙwabcinmu ya fito da wuta a bayansa yana gudu, aka tare shi da sanduna a bakin famfo. Da suka zo ƙofarmu sai suka wuce. Rabinsu da ƙafafun da Baba ya haɗa suke tafiya.

Baba ya san da haka, ya kuma tsare abinsa. Bai taɓa yin zaɓe ba. Ba a manna hoton kowa a bangonmu. Ba ya tambayar sunan wanda aka kawo, balle jam'iyyarsa, karayar ce take gaya masa labari. Damtse ya karye ta waje, to rodi aka kawo wa kai, mutum ya tare. Haƙarƙari ya lotsa, to ƙasa aka kai shi aka tattake. Sau da yawa wanda ya yi dukan da wanda aka daka suna kwance tabarma kusa da tabarma, suna zagin juna da ido don ba mai iya tashi. Akwai wani jagoran 'yan banga na cikin gari da ake kira Tsinke, dogo siriri mai ido ɗaya, wanda Baba ya ɗora wa cinya, ya ɗora wa kafaɗa, ya mayar masa da muƙamuƙi. In ya ga Baba a hanya har ƙasa yake durƙusawa.

To ana nan sai Yayata ta ce za ta tsaya takarar kansila. Yaya malamar firamare ce, mace mai sanyin murya da taurin kai, irin wadda za ta ce maka "to" ta je ta yi abin da ta ga dama. Abin da ya tunzura ta kwalbatin bayan makarantarsu ne. Ruwan sama ya ja 'yan ajinta biyu ta cikinsa, aka tsinto su a bakin gada, kuma babu kansilan da ya taɓa tsallako layi ya duba. Baba bai hana ta ba, bai kuma sa mata albarka a bainar jama'a ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Malama, hotonki ba zai hau bangona ba."

Abin da aka yi mana a watannin nan ba ya faɗuwa duka. An fasa mata gilashin mota, an zuba ƙazanta a ƙofar ajinta, an kama mai manna mata hotuna an karya masa yatsu a murfin mota. Ranar zaɓe matan tsallake suka yi layi tun safe, aka riƙa jifansu daga saman wani bene. Mai kitson layinmu, tsohuwa mai jikoki, dutse ya same ta a baki, ta tofar da haƙora biyu a tafin hannunta, ta ƙulle su a bakin zani, ta ci gaba da tsayuwa jini yana bin wuyanta har ta kaɗa ƙuri'arta. Yaya ta ci da kyar. Mace ba ta taɓa hawa kujerar nan ba, ɗan tsallake ma bai taɓa ba.

Kwana kaɗan bayan haka Ciyaman na jam'iyyarsu ya zo gidanmu da tumbinsa da turarensa. Mata suka cika tsakar gida, Baba yana zaune a ƙofar ɗakinsa.

"Tarihi aka kafa," in ji Ciyaman. "Mace ta farko, 'yar tsallake ta farko! Jerin gwano za mu yi, daga tasha mu ratsa titin kasuwa har ofishin ƙaramar hukuma. Masu ɗaukar hoto na nan zuwa."

Yaya ta ce, "Ranka ya daɗe, ni kwalbati aka zaɓe ni in gyara. In kuka ɗora ni a mota kuna shelar 'yar tsallake, ai tuna wa mutane kuke yi cewa ni baƙuwa ce. A garin nan aka yanke mini cibiya. Ku bar ni in shiga ofis kamar kowane kansila."

Mai kitso ta miƙe, ta ɗaga leɓenta da yatsa ta nuna mata dasashi.

"Kalli nan, 'yar nan. Kamar kowane kansila? Wane kansila aka zubar wa haƙora dominsa? Ni ba don kwalbati na tsaya ba. So nake jikata ta gan ki a saman mota, tsakiyar titin kasuwa, da rana tsaka. In a ɓoye za ki shiga, mayar mini da haƙorana."

Tsakar gida ta ɗauki hayaniya, kuma muryata ta fi ta kowa. Na ce mun gaji da yin murna a ɗaka da ƙofa a kulle. Na ce tun kakanmu muke sunkuyar da kai muna bin gefen titi, sau ɗaya a rayuwa bari mu bi tsakiya. Har yau in aka mayar da ni wurin, abin da zan faɗa ke nan.

Baba ya bari muka gaji, sannan ya ce, "Mutanen nan kaye suka sha, ba mutuwa suka yi ba. Suna nan da rodinsu. Duk wani biki na siyasa da aka yi a garin nan, a ɗakin nan yake ƙarewa, ni nake kwashe ragowarsa. Ku bari zuciya ta huce, ta yi shekara tana aiki, sannan ku yi abin da za ku yi."

"Baba, an riga an gaya wa 'yan sanda," in ji Ciyaman. "Ba abin da zai faru."

"Kai za ka kwanta a tabarmar in ya faru?"

Ciyaman ya yi dariya kamar an yi masa barkwanci. Yaya ta dubi mai kitso, ta dubi matan da suka sha jifa dominta, ta kasa ce musu a'a. Aka tsayar da rana. Sai Baba ya ba kowa mamaki, ya ce, "To, in dai sai an yi, da ni za a hau motar."

Mata suka yi ta shewa, ni kuwa na dame shi da tsokana, wai tsoho ya ji ƙamshin mulki. Da aka watse muna naɗe tsummoki, sai ya ce da ni ba tare da ya ɗago ba, "Auta, ke da wautarki. Ba murna za ni ba. Ba za su jefi motar da nake ciki ba, shi ke nan."

"To bayan nan fa? Kowa ya gan ka a motar jam'iyya, wa zai ƙara cewa kai na kowa ne?"

"Wannan ya ƙare. Na ajiye shi kamar kuɗi shekara da shekaru ban san ranar da zan kashe shi ba, ga ranar ta zo."

Ban ce a fasa ba, shi ma bai nemi in ce ba.

Ranar ta zo, kuma wallahi ta yi daɗi, wannan ba wanda zai ƙwace mini. Buɗaɗɗiyar mota aka kawo, Yaya a tsaye ta riƙe ƙarfen bayan direba, Baba a damanta cikin farar riga, ni a bayansu, Ciyaman yana ɗaga wa mutane hannu kamar shi ya ci. Tsofaffin da ban taɓa ganin sun fita layi ba sun fito da sandunansu. Da tayar motar ta hau kan layin dogo muka tsallaka, sai na ji matan bayanmu sun fashe da kuka da dariya a haɗe. Mai lasifika ya ce, "Ga kansila, ga mahaifin kansila!" Na leƙa fuskar Baba na ga yana murmushi yana ƙoƙarin ɓoyewa. A titin kasuwa har wasu matan cikin gari suka ɗago mana hannu daga rumfunansu. Jikar mai kitso tana kan wuyan wani tana ihu.

Inda titin ya tsuke, wajen masu gyaran taya, a nan 'yan bangan cikin gari suka tare mu. Taya mai ci da wuta aka fara gangarowa, direba ya taka birki, sai duwatsu. Mai lasifika yana tsakiyar magana dutse ya fasa masa goshi, ya kife a kan na'urarsa, ƙarar ta cika titi. Suka fito daga lunguna biyu da rodi da adduna. Na ga an sari wani a kafaɗa hannun ya rataya da fata. Na ga an ja wata mata da ɗankwalinta an buga kanta da bakin kwata. 'Yan sandan da aka ce suna nan ban ga ko hular ɗaya ba, Ciyaman kuwa ya dira ta ɗaya gefen, ya bar takalmi ɗaya a motar.

Tsinke ne a gaba. Ya zo jikin motar da rodi a hannu, ya ɗaga ido ya ga Baba, sai ya tsaya cak.

"Baba, me ya kawo ka nan? Sauka."

"Ƙafar da kake tsaye a kanta, wa ya haɗa ta?"

"Shi ya sa nake ce maka sauka! Don girman Allah, Baba, sauka, ba kai muke nema ba."

"Wadda kuke nema 'yata ce."

Tsinke ya juya ya buɗe hannuwa yana cewa, "Kai, ku dakata, mai ɗori ne!" Waɗansu manya a cikinsu suka ja baya, na gane fuskokinsu, duk na taɓa danne su. Amma waɗanda ke bayansu sababbi ne, an kwaso su a mota daga wani wuri, idanu jajur da ƙwaya. Ba su san Tsinke ba balle mai ɗori. Baba ya yi lissafinsa da waɗanda ya ɗora, bai sa waɗanda ba a taɓa karyawa ba a ciki. Ɗaya ya maka wa Tsinke gora a ƙeya ya wuce ta kansa, suka hau motar.

Duka na farko ya sami Yaya a gefen kai, ta zube a kan gwiwoyinta, goshinta a jikin ƙarfe. Baba ba shi da jikin da zai rufe ta. Sai ya ɗora hannuwansa biyu a kan kanta, ɗaya bisa ɗaya, ya danne. Mutumin da ba ya ɗaukar kofi mai zafi. Rodin ya sauka, ya sake sauka, ya sake sauka, kuma na ji ƙarar, na san ta, sau dubu na ji irinta daga bakin masu ba da labari amma ban taɓa jin ta da kunnena ba. Bai janye ba. Bai ma yi ihu ba, sai wani gurnani da yake yi ta hanci.

Ni a lokacin wani ya shaƙe ni ta baya. Na sunkuya na yar da shi a ƙasan motar, na taka masa wuya, na kai ga mai rodin. Na kama hannunsa na ɗora gwiwar hannun a kan ƙarfen motar ta baya, na hau da dukan nauyina. Na san inda ake ɗorawa, don haka na san inda ake karyawa. Ya yi ƙara kamar akuya, na jefa shi titi, ban kuma taɓa yin nadamar wannan ba. Sai hayaƙi mai sa hawaye ya turnuƙe, 'yan sanda sun iso bayan an gama, direba ya yi baya da motar a guje yana bi ta kan duk abin da ke hanya.

Asibiti yana can ɗaya gefen gari, an tare hanyoyi, ana ƙone-ƙone. Gida muka dawo. Yaya tana numfashi, kanta ya fashe amma ƙoƙon bai lotsa ba. Tsakar gidanmu ta cika da waɗanda aka kwaso, kowa yana kiran Baba, Baba kuwa yana zaune a tabarmarsa ya ɗora hannuwan a kan cinya. Ba su yi kama da hannu ba. Sun kumbura sun yi baƙi, yatsu sun kalli inda suka ga dama, wani farin ƙashi ya huda fata ya fito.

"Auta, wanke hannunki."

"Baba, ban iya ba. Ni dannewa na iya."

"Shekara nawa kina kallo? Kira mutum biyu su riƙe ni. Ki fara da babban yatsa, in na suma kada ki tsaya."

Na yi. Yana gaya mini in ja, in murza, in saurara, muryarsa tana yankewa tana dawowa. Ƙasusuwan suna motsi a ƙarƙashin yatsuna kamar tsakuwa a cikin jaka. Ya suma, na ci gaba ina kuka ina zagin duk wanda ya zo bakina, har da Ciyaman, har da Yaya da ke kwance ba ta ji. Da na ɗaure na ƙarshe na tashi na shiga tsakar gida, don akwai mutane a kwance kuma babu wani. Bayan kwanaki da hanya ta buɗe muka kai shi asibiti, likita ya ɗauki hoto, ya yi abin da zai iya, ya ce ƙashi zai haɗe amma jijiyoyin sai abin da Allah ya yi.

Mai lasifika bai tashi ba, matar da aka buga da kwata ma haka. Yaya ta shiga ofis da ɗauri a ka. Ciyaman ya sa aka buga hotonta da ɗaurin, aka rubuta "Ta Farko" a ƙasa, ta bi gari da kanta tana yagewa. Kwalbatin an fara shi, an tsaya, Yaya tana can tana faɗa da mutanen ƙaramar hukuma kullum. Har yau ba ta yarda a kira ta ta farko a gabanta, ta ce kalmar warin jini take yi mata. Mai kitso kuwa ta ce ko gobe aka sake za ta fita, jikarta yanzu in suna wasa ita ce kansila, tana hawa turmi tana ba 'yan maza umarni. Ni ina tsakani, ina jin zafin abin har cikin raina, kuma na ƙi yarda a ce laifin masu murna ne ba na masu rodi ba. Na tambayi Baba sau ɗaya ko da mun bi maganarsa da abin bai faru ba. Ya ce in gyara masa matashi, bayansa ya gaji.

Watanni ina ba shi abinci a baki, ina ɗaura masa maɓalli. Da aka kwance katakan, yatsun sun haɗe, wasu a karkace, amma suna lanƙwasuwa kaɗan. Ya riƙa matsa ƙwallon roba yana cewa saura kaɗan, mu ma muna cewa saura kaɗan.

Wata safiya aka kawo wani birkila da ya faɗo daga kan gini, ƙafa ta kumbura daga gwiwa zuwa idon sawu. Na tashi zan duba, sai Baba ya ce, "Bari." Ya matso da kansa, ya naɗe hannun riga, ni kuma na koma wurina na dā na danne ƙirjin mutumin. Ya rufe ido, ya ɗora yatsun a ƙasan gwiwa, ya bi sangalin a hankali har ƙasa. Ya dawo sama ya sake bi. Na ga inda karayar take da idona, fatar ma ta nuna, yatsunsa suka bi ta kai suka wuce ba su tsaya ba. 'Yan'uwan birkilan suna tsaye suna jiran ya ce nan ne. Ya bi ta uku, ya daɗe, gumi yana tsattsafo masa a goshi.

Sannan ya buɗe ido, ya janye hannuwan ya sa su cikin riga, ya ja jiki gefe ya bar mini wurin.

"Auta," ya ce, "zo ki gaya mini abin da ke nan."